Ranar da aka kawo wa Inna jini daga Wurno

Akwai wata Litinin da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun shuɗe, amma duk sanda na tuna ta sai in ji kamar yanzu nake sauka daga benen asibitin nan a guje ba takalmi. Ita ce ranar da aka kawo wa mahaifiyata jini daga Wurno.

Inna ungozoma ce. Ta fi shekara talatin tana karɓar haihuwa a Wurno da ƙauyukan da ke kewaye, har Dinawa ana zuwa da babur a ɗauke ta. Mace ce mai baki, ba ta ɓoye wa kowa gaskiya, in ta ga naƙuda ta fi ƙarfinta nan take za ta ce a nemi mota a tafi asibiti, ko mai gidan ya so ko bai so ba. Mu biyu ne 'ya'yanta da suka rayu. Yaya yana fataucin albasa tsakanin Goronyo da kudu, ni kuma auta, ina aure a Rabah ina ɗinki.

Ciwon ya fara ne bayan an gama girbi. Sai ta ce cikinta yana ciwo yana zagayowa baya, abinci kuma ya fita ranta. Da idonta ya yi ɗorawa, kowa ya ce shawara ce, aka shiga kawo jiƙe-jiƙe. Ta sha har ta gaji. Ranar da na zo daga Rabah na same ta zaune a tabarma tana susar hannu da totuwar masara saboda ƙaiƙayi, zaninta kuma ta ɗaura shi ya zagaye ta kusan sau biyu don rama. A ranar na kai ta asibitin garinmu. Ma'aikacin da ya duba ta bai ɓata mana lokaci ba, ya ce mu wuce Sakkwato.

Mun yi kusan mako biyu ana gwaje-gwaje da hotuna a babban asibiti. Rannan likita ya kira ni da Yaya ofishinsa, ya ɗauki takarda ya zana mana. Ya ce akwai wata gaɓa a bayan tumbi da suke kira fankiriyas, ita ke taimakawa wajen narkar da abinci da daidaita sukarin jiki. A kanta ne ƙari ya fito, har ya toshe hanyar da ruwan maɗaci ke bi, shi ya sa idonta ya canza. Ya ce ciwon daji ne. Ban san sanda na riƙe gefen tebur ba. Yaya ya roƙe shi kada a faɗa wa Inna, muka fito muka shirya cewa za mu ce mata shawara ce mai tsanani.

Yanzu in na tuna sai in yi dariya. Matar da ta kwashe shekara talatin tana karanta fuskar mutane a ɗakin haihuwa, ita muka zaci za mu rufe. Da safe da likita ya zo zagaye da ɗalibansa, ta kama hannun rigarsa.

"Likita, ni na sha hwaɗa ma mata abin da ba su son ji. Kai ma hwaɗa mini. Mi ag gare ni?"

Likitan ya dube mu, muka sunkuyar da kai. Ya jawo kujera ya zauna, ya faɗa mata komai a hankali. Ta yi salati, ta share fuskarta da gefen mayafi. Sannan ta ce, "To, na ji. Mi za a yi?"

Abin da za a yi shi ne aiki, a buɗe wa ruwan maɗacin wata hanya don ɗorawar ta sauka, in ta yi ƙarfi kuma a fara ba ta maganin daji ta jijiya. Aka sa ranar Laraba. Amma jininta ya yi ƙasa sosai, sai an tanadi leda huɗu kafin a shiga da ita, kuma irin jininta ba kowa ke da shi ba. Aka gwada ni, aka gwada Yaya, bai yi daidai ba. A ma'ajiyar jinin asibitin leda ɗaya aka samu. Likita ya ce in ba a cika ba dole a ɗage aikin, ga shi kullum jikinta ƙara saki yake yi.

Duk wannan abin da ake ciki, in aka kira ni daga gida sai in ce da sauƙi. Ba na son a ji sunan ciwon. A tunanina da zarar an ji, za a fara zuwa mana da fuskar ta'aziyya tun tana raye. Yaya ya kira abokansa uku a asirce, aka gwada su, babu.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta ce in miƙo mata wayata, in nuna mata inda ake dannawa a aika murya. Na zaci wata 'yar'uwarta za ta gaisa. Ta gyara zama, ta kai wayar bakinta kamar mai shela.

"Salamu alaikum. Ni ta, Inna ungozoma. Ina asibiti Sakkwato, an ce ciwon daji gare ni, za a yi mini aiki ran Laraba. Jini nika so. Duk wanda niy yanke ma cibi ya san kainai, in bai sani ba shi tambayi uwatai."

Ta miƙo mini ta ce in tura wa matan unguwarmu. Na tsaya ina kallonta, ta ɗaga gira. Na tura. Ranar Lahadi saƙonni suka yi ta shigowa, duk addu'a ce da fatan samun sauƙi. Na ce a raina shi ke nan, asiri ya tonu kuma jini bai samu ba. Ban sani ba ashe muryar ta bar unguwarmu tuntuni, ta shiga kasuwa, ta shiga tasha, har ƙauyen Maikujera an saurare ta.

Litinin wajen ƙarfe goma ina shafa wa Inna mai a ƙafa, Yaya ya kira ni. Cewa kawai ya yi in sauko ƙasa yanzu. Na fita ko takalmi ban tsaya nema ba. Ina isa bakin ƙofa na ga bas biyu sun tsaya, bayansu ga wata a-kori-kura ta abokin Yaya da ke ɗaukar albasa daga Goronyo, mutane suna ta dirowa daga cikinta. Manoma, 'yan acaba, malaman makaranta, masu shago, mata da goyo. Wasu na san su tun muna yara, wasu ban taɓa ganinsu ba. Wani dattijo ya kawo 'ya'yansa maza huɗu ya jera su, ya ce duk Inna ta karɓe su, a ɗiba a wanda aka ga dama.

Ni dai ban san abin da na yi ba. Na rungumi wannan, na gaida wancan sau biyu, na hau bene na faɗa wa Inna, na sauko, na sake hawa. Ma'aikatan ɗakin gwajin jini sai da suka fito da tebur a baranda saboda layin ya yi tsawo. Wata nas ta ce tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin mara lafiya ɗaya da dangi haka ba, na ce mata ai ba dangi ba ne.

Nas-nas suka ɗora Inna a keken marasa lafiya suka kai ta bakin taga. Tana leƙawa ta fara nuna su ɗaya bayan ɗaya. Wancan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya aka haife shi. Waccan kwana biyu uwarta ta yi tana naƙuda. Wancan mai jar hula da ƙafa ya fara fitowa, har yau kuma bai daina taurin kai ba. Matan da ke kwance a ɗakin suka yi ta dariya, wata mai ƙarin ruwa a hannu har da jawo sandarta ta zo kallo. Rabon da in ga Inna tana dariya haka tun kafin girbi.

Sai sakamako ya fara fitowa, murna ta fara sanyi. Wannan bai yi ba, wancan bai yi ba. Mace ta farko da jininta ya dace tana shayarwa, aka ce ba za a ɗiba ba, ta zauna tana kuka kamar an yi mata laifi. Can wajen azahar aka kira wasu tagwaye daga Dinawa, aka ce dukansu biyu sun yi. Barandar ta ɗauki kabbara har sai da mai gadi ya zo ya ce mu tuna asibiti muke. Da ta ma'ajiya leda uku ke nan, saura ɗaya, ga layi ya ƙare.

Yaya ya duba ya ce akwai wanda ba a gwada ba. Wani mahauci ne na kasuwar Wurno, ƙato, wanda shi kaɗai yake kayar da sa. Tun safe yana can gindin bishiya wai yana tsaron motoci. Ashe allura yake tsoro. Da ƙyar aka jawo shi aka tsaga masa yatsa, yana kallon sama. Bayan ɗan lokaci mai gwajin ya leƙo yana murmushi ya ce shi ne.

Mahaucin ya jiƙe da gumi sharkaf. Ya ce shi fa ko nama ake so zai kawo rabin sa, amma wannan allurar mai kauri a yi masa rai. Na hau na faɗa wa Inna. Ta ce, "Koma ki ce mishi, ranar da anka haihe shi ya fi haka ihu, kuma bai mutu ba. Shi kwanta."

Na kai saƙon a gaban kowa. Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, ya shiga ya kwanta ya runtse ido, tagwayen suna riƙe da ƙafafunsa. Da aka gama ya fito da auduga a hannu yana nuna wa kowa. Da yawa daga waɗanda jininsu bai dace ba suka ce tun da sun riga sun zo, a ɗiba a ajiye wa wasu marasa lafiya. Ni kuwa sai a lokacin na lura ƙafata babu takalmi.

Ranar Laraba aka yi aikin, aka fito da ita lafiya. Cikin kwana goma ƙaiƙayin ya tsaya, farin idonta ya fara dawowa, kullum da safe sai na ɗaga mata fatar ido na duba, tana ture hannuna. Ranar da ta ce tana marmarin tuwon dawa da miyar kuka, tsalle na yi a tsakiyar ɗaki ina matar aure da 'ya'ya biyu. Loma biyar ta yi, na kira Yaya na faɗa masa kamar an yi mana albishir da kujerar Makka.

Ba zan ce komai ya zo da sauƙi ba. Maganin jijiyar da aka fara bayan ta warke ya wahalar da ita, ga amai ga kasala, kuma likita bai ruɗe mu ba, ya ce aikin bai cire ciwon ba, sauƙi aka nema mata da ƙarin lokaci. Allah ya ba ta shekara ɗaya da wata bakwai. Ta koma ɗakinta, ta yi azumi biyu a cikinmu ko da ba ta iya ɗauka ba, kuma ƙofarta ba ta taɓa rabuwa da baƙi ba. Ba wanda ya zo mata da fuskar da nake tsoro. Hira suke zuwa yi.

Abin da na koya a wannan rana shi ne, da na zaci Inna nake karewa da nake ɓoye ciwonta, ashe tsorona nake lallaɓawa, kuma saura kaɗan ya jawo a ɗage mata aiki. Mutane ba sa iya taimaka maka a kan abin da ka rufe musu. Tun daga lokacin, in larura ta same ni nakan faɗe ta da sunanta, in kuma na ji ana neman jini ba na tsayawa a addu'a kawai, mayafina nake ɗauka in tafi a gwada ni.