Tsakuwar Mai Bula

Mai Bula muke ce masa, don yatsunsa ba sa rabuwa da shuɗin wanki. Shi ke wanke kayan maigidana, Allah ya ji ƙansa. Dukiyarsa baho biyu ce da filin da ke bayan layinmu, inda rana ke kwana biyu ba ta gaji ba. A nan yake shanya.

Wata shekara zafi ya addabe mu, sai shugaban unguwa ya tara mu, maza da mata, a yi shawarar dasa itatuwa. Aka zana taswirar unguwar a ƙasa, aka ba kowa tsakuwa. Shugaban ya ce, "Inda kake so a dasa itatuwa, ajiye tsakuwarka a nan."

Mai Bula bai ji wannan ba, yana can yana kwashe shanya. Ya iso hannunsa a jiƙe.

Tela ya ce, "Ga sarkin kumfa! Zaɓi wurinka, kar a bar ka a baya."

Bai saba tambaya a gaban masu ba shi wanki ba. Ya duba zanen ya gane filinsa, ya ɗauka kowa na nuna wurin da yake so a bar masa. Ya ajiye tasa a kai, ya yafito matarsa. "Uwar yara, nan za ki sa." 'Ya'yansa suka bi, surukinsa ma ya bi. Aka yi tafi. Fili ya rinjayi bakin kasuwa.

Sai da aka zo haƙa ramuka ya gane. Na ce, "Malam, ka je ka faɗa musu mana."

Ya ce, "Inna, da hannuna na sa. In ce me?"

Itatuwan suka kama. Har ruwan ɗauraya yakan zuba musu, wai ba su da laifi. Da suka yi inuwa, kaya suka daina bushewa da wuri, tsuntsaye suka riƙa ɓata fararen riguna. Masu wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya, Tela ne farko.

Bara ya rasu. A ƙarƙashin itatuwan aka yi zaman gaisuwa, mutane na ta yabon sanyin wurin. Matarsa tana kusa da ni, tana jan carbi. Ba ta ɗaga kai ba.

Allah ya sa ya huta.