Ƙudajen da Suka Tona Asirin Alhaji

Jama'a, ku zo ku ji! Yau ƙudaje sun tona asirin maigidana!

Kwana huɗu ke nan 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu bin kayan marmari sun cika min falo, ga baƙi gobe. Na goge, na fesa magani, har turaren wuta na saka. Ko gezau!

Da hantsi sai ga ƙawata Maman Ngozi daga Sabon Gari. Ta kwashe da dariya.

"Hajiya, turare kike musu? Amare ne?"

Ta zuba zoɓo mai tsami a kofi, ta ɗiga sabulun ruwa, ta rufe da leda, ta huhhuda da tsinke. Kafin azahar sun faɗa ciki rututu!

Ta ce, "Saura gidansu. Mu bi su."

Muka bi su har gun kulolin jerena, waɗanda tun bikina ban taɓa zuba abinci a ciki ba. Murfin babbar a karkace. Na ɗaga. Ayaba da mangwaro, sun yi luguf!

Alhaji fa likita ya hana shi zaƙi!

Yana dawowa daga kasuwar Singa na dire masa kular. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya sosa ƙeya.

"Haba Hajiya, shekara sha biyu ba ki buɗe ta ba, sai yau?"

Maman Ngozi har da hawaye don dariya. Ni kuwa na wanke kular tas, na cika masa ita da kwaɗon zogale!