Wankin Kwamfutar Kawu

A sana'ata ta gyaran kwamfuta na ga abubuwa iri-iri, yawancinsu sun wuce na manta. Amma yammacin da na zauna zan wanke kwamfutar kawuna, wannan kam yana raina har in koma ga Mahaliccina. Ko yanzu in na tuna, sai in dubi ɗan yatsana in girgiza kai.

Lokacin ban daɗe da buɗe shago a Wurno ba. Na dawo daga koyon aiki a Sakkwato, kaina ya kumbura, ina ganin babu injin da zai gagare ni. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Rabah. Da ya yi ritaya sai ya koma noman albasa, amma bai rabu da wata tsohuwar kwamfutar tebur da ya saya tun yana aiki ba. Haɗin kamfani ce, irin wadda ake sayowa a haɗe da komai nata. Yadda yake tattalinta ko babur ɗinsa bai samu haka ba, har riga ya sa tela ya ɗinka mata.

Wata safiya sai ga shi da ita a bayan babur, an naɗe ta da bargo.

"Ɗan nan, duba mani wagga aba," in ji shi. "In na kunna ta, sai in tahi in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba. Tana cikin aiki kuma sai ta mace."

Na kwance ta na duba. Babban allon nan da komai na ciki ke manne a jikinsa, wanda muke kira madabod, shi ne ya gaji. Don ya gane sai na ce, "Kawu, uwar kayan ce ta tsufa, sai an canza ta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Uwa? Kai, 'yan zamani. Wa yat taɓa canza uwa?"

Muka yi dariya, ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Na je Sakkwato na sayo sabon allo, ina ta cika baki cewa aikin awa ɗaya ne. Ashe ban san halin haɗin kamfani ba. Ramukan noti ba su dace da na akwatin ba. Wayar wuta bakinta daban, ta ƙi shiga. Hatta ɗan maɓallin kunnawa nasu na musamman ne, kamar da gangan suka yi don kada wani ya sa hannu a kayansu. Kwana biyu ina fama, ƙarshe sai da na nemo wani akwati da wani gidan wuta, na kwashe abin da zai kwasu daga tsohuwar na mayar ciki. Rigar da tela ya ɗinka ma ba ta shiga sabon akwatin ba.

A rana ta uku bayan la'asar Kawu ya zo ya zauna a kan benci, ya ajiye mani ɗan kwandon albasa. Na kunna, fanka ta juya, na ji daɗi. Sai dai kwamfutar ta ƙi ƙarasa tashi, domin tsohuwar manhajar da ke cikin faifan ajiya ba ta san sabon allon ba. Ta taso ta koma, ta taso ta koma. Kunya ta kama ni a gabansa, ni da na gama kuri. To, mu masu gyara muna da gajeriyar hanya, ita ce wanki. A bakinmu, wanki shi ne a share duk abin da ke cikin faifan, a mai da shi fari fat, a zuba sabuwar manhaja.

Na ce, "Kawu, sai an wanke ta."

"Wanke ta mana. Ai ni ma na daɗe ina ganin dauɗa cikinta."

Na ji kalmar dauɗa sarai, amma na ɗauka barkwancinsa ne. Ni dai na sami izini, shi ke nan. Na sa filas, ɗan ma'ajin da sabuwar manhaja ke ciki, na bi matakai, har na kai inda kwamfuta ke tambaya ko da gaske ake a share komai. Ɗan yatsana yana kan maɓalli ke nan, sai Kawu ya ce daga bayana, a hankali, yana gyara hula:

"Amma dai ka bi sannu, kada ruwa su taɓa wurin da Inna take."

Na waiwaya. "Wace Inna, Kawu?"

"Mi kake nufi da wace Inna? Inna tawa, kakarka."

Nan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kafin rasuwarta ya zaunar da ita kwanaki yana ɗaukar muryarta a kaset: yadda iyayenta suka taso daga Kagara, sunayen kakanni, da waƙoƙin da take yi in tana niƙa. Daga baya wani ya juye masa cikin kwamfutar nan, kaset ɗin kuwa ya harɗe a rediyo ya tsinke. Babu wani wuri a duniya da muryar take sai cikin faifan da ke ƙarƙashin yatsana. Ya ce duk Juma'a in ya dawo masallaci yakan kunna ya saurare ta, shi ya sa ma yake son injin ya daina mutuwa.

Na janye hannu kamar na taɓa garwashi, na tashi na zare wayar wutar. Sannan na gaya masa gaskiyar abin da wanki yake nufi a wurinmu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya dubi akwatin.

"Ashe wankinku babu ruwa," in ji shi. "Da ka danna, da na rufe Inna sau biyu."

Na cire faifan, na jona shi da tawa kwamfutar, na kwafe komai a wuri uku kafin in sake taɓa wani abu. Da na gama na kunna ɗaya daga cikin maganganun Inna don in tabbatar. Sai muryar tsohuwa ta cika shagon, tana lissafo sunayen mutanen da ban sani ba. Ina ƙarami ta rasu, ko fuskarta ban riƙe ba. Can tsakiyar magana sai ta katse ta ce, "Ku ɗauke mani wanga yaro, zai ɓata muna rediyo. Hannunai ba ya zama wuri guda."

Kawu ya yi murmushi, ya nuna ni da haɓa. "Kai na."

Na so in yi dariya, hawaye suka riga ta.

Kwamfutar tana nan tana aiki har yau, tela ma ya sake mata riga. Ni kuwa tun daga ranar na gane cewa in mutum ya ce maka "to" a kan kalmar da bai san ma'anarta ba, bai ba ka izinin komai ba. Duk wanda ya kawo mani gyara, ko waya ce, ba na ɗaukar sukundireba sai na tambaye shi da Hausar da zai gane: mi ke cikinta wanda in ya ɓace ba za ka sake samu ba?