Makullin Motar Lemo

Duk kasuwar Zuba an san Malam Yahuza da abu biyu: motar lemo da taurin kai. Tun yana saurayi yake ɗauko lemo daga Binuwai, kuma ko a musu ko a titi bai taɓa kauce wa kowa ba. Da ido ya fara yi masa gardama, har ya yi wa buhun albasa sallama, sai iyali suka sa shi a gaba ya ba ɗansa Nazeer makulli tun kafin a ji mummunan labari. Ya ce shi da sitiyari mutu ka raba.

Ana cikin haka ya shiga ajin Turanci na manya da Madam Prudence take yi a bayan kasuwa, wai ya gaji da murmushi in 'yan Maitama masu sayen lemo suna magana da Turanci. Ita kuwa Madam ba ta yarda da karatun fatar baki ba, komai sai an gwada. Ranar da ta koyar da give in, wato sallamawa, ta haɗa shi kokawar hannu da David mai kankana, ta ce Yahuza ne zai sallama. Ina! Sai da ya danne hannun bawan Allah a tebur.

"Baba, kai ne za ka give in fa!" in ji Madam.

"Madam, wannan ba halina ba ne."

Da aka zo kan hand over, ta ce kowa ya miƙa wa na kusa da shi abin da ke aljihunsa. Yahuza ya laluba, ba komai sai makulli. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya miƙa wa David. Ya jira duniya ta tashi, ba ta tashi ba. Sai ma wani sakayau da ya ji, kafin David ya mayar masa da abinsa.

Washegari ya tarar da Nazeer yana wanke motar. Ya buɗe baki zai faɗa da Hausa, sai maganar ta yi masa nauyi. Ya gyara murya.

"Nazeer, I hand over."

Nazeer ya durƙusa ya karɓi makullin da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla. Tausayin ɗan ya kama Yahuza, ya yi maza ya ɗaure fuska.

"To, tashi ka buɗe min ɗaya ƙofar. Give up, wato haƙura gaba ɗaya, sai mako mai zuwa za a koya mana, kuma ranar ba ni zuwa."