Ranar da Na Kasa Ƙirga Leburorina

Ko na tsufa na manta sunan unguwarmu, ba zan manta ranar da dakin, wato rufin kankare na bene, ya rufta a hannuna a Gwarinpa ba. Laifina ne, kuma daga gardamar banza ya fara.

A lokacin ni ne shugaban leburori a wani ginin bene. Akwai wani dattijo kafinta ɗan Nijar da ke aiki da mu tare da mutanensa shida. Su ne suke kafa gora da katakon da ke riƙe dakin kafin a zuba kankare. Wata rana muna cin abinci, sai na nuna musu wani abu da na gani a waya, inda aka kwatanta yawan ma'aikatan Najeriya da na Nijar. Karatuna bai yi nisa ba, amma na gane cewa mun ninka su nesa ba kusa ba. Sai na kama yi musu ba'a.

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Oga, yawa kam kun fi mu. Amma gorar nan da aka kawo ɗanya ce, ka ba ni kwana biyu in ƙara tokara."

Na ji kamar ya raina ni a gaban mutane. Na ce, "Baba, ƙasar da ma'aikata suka yi mata yawa ba ta jiran mutum bakwai. In ba za ku iya ba, ga hanya." Ya tattara gudumarsa, suka koma wani gini a bayan layinmu. Injiniyan ginin ya yi tafiya, na ce masa a waya komai ya kammala.

Washegari da safe na je bakin titi inda masu neman aikin yini ke tsayawa. Na ce duk mai ƙarfi ya hau mota. Ban tambayi sunan kowa ba, ban ƙirga su ba.

Wajen azahar mun ci rabin zubi, mutane na hawa da kwanonin kankare a ka, sai na ji wata ƙara a ƙarƙashina kamar ana karya rake. Katakon da nake tsaye a kai ya lotsa. Na yi ihu a sauka. Wasu suka diro, wasu suka zamo ta tsani, sannan gefe guda ya tafi ƙasa gaba ɗaya.

Dattijon ne ya fara isowa da gudu, shi da mutanensa. Bai yi mini gori ba. Ya kama kafaɗata ya ce, "Mutum nawa ka kawo?"

Na dubi waɗanda ke tsaye, jikinsu duk siminti, ban san fuskar ko ɗaya ba. Wasu sun riga sun gudu don tsoro. Ko akwai mutum a ƙarƙashin kankaren nan, ko biyu, ko biyar, ban sani ba, kuma kankare yana ta bushewa.

Dattijon ya sa aka kashe injin kwaɓa, ya ce kowa ya yi shiru. Ya kwanta ya kara kunnensa a jikin katako. Can ya ɗaga hannu, alamar ya ji motsi. Muka haƙa da shebur, da hannu, rodi yana yanka mu. Muka zaro wani magidanci, manomi daga Orozo da ya zo aikin yini kafin damina. Ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Oga, yarana huɗu ne." Ba mu daina haƙa ba sai da muka kwashe wurin kaf, gab da magariba, sannan na yarda babu saura.

Na rasa aikin, kuma na cancanta. Mutumin ya rayu, amma har yau da sanda yake zuwa gona. Nakan je gaishe shi, yana karɓata da fara'a, abin da ya fi zagi yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya ɗauka mutane sun yi yawa, zai fara wasa da ransu. Yanzu ko mutum biyu zan ɗauka aiki, sai na san sunansu da garinsu, da wanda zan kira idan wani abu ya same su.