Kaset ɗin Mushe Isa

Jama'a, na gaji da maimaita labarin nan ana yi min dariya, shi ya sa zan rubuta shi sau ɗaya in huta. Wallahi tallahi ni abin ya faru da ni, shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon buga takardu da fotokopi kusa da tashar Matameye.

Wata ranar kasuwa bayan azahar, zafi ya ishe ni, sai ga wata dattijuwa daga Tsauni, Hajiya Mariyama, da kaset ƙulle a bakin zane. Ta ce mijinta, Mushe Isa (mushe muke ce wa malamin boko a nan), malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Damagaram, sun yi faɗa ta gaya masa baƙar magana ya tafi bai waiwayo ba, bayan mako ya aiko direba da kaset ɗin, kafin wata ya ƙare ya rasu. Kun san a da, wanda zai aika wa matar da ba ta karatu saƙo a kaset yake magana. To, da suka sa a rediyo babu murya, sai wata ƙara mai tsinka kunne, dangi suka ce aljanu ne, ta ɓoye shi a ƙasan akwati sama da shekara talatin.

"Ɗan nan, so nake in ji ko ya yafe min kafin in bi shi," in ji ta.

Na sa kaset ɗin a rediyona, ina jin ƙarar na gane ta. Ƙananan kwamfutocin da, irin na lakwal ɗinsu, a kaset suke ajiye rubutu. Ni kuwa ina da wata manhaja da nake buga tsofaffin wasanni da ita, mai sa kwamfutar yanzu ta kwaikwayi tsohuwa, kuma a makon ne aka ƙara mata sababbin abubuwa biyu: tana karanta kaset ko ya lalace, sannan akwai maɓallin da ke mayar da aiki baya kamar bidiyo. Gaskiya ban so ba, ga takardun mutane jibge, amma na ji kunyar furfurarta.

Na naɗi ƙarar na zuba a manhajar, muka zauna jira. Can sai allo ya yi shuɗi, manyan baƙaƙe suka fito da Hausa, na karanta mata: "Hajiya, na yafe miki tun kafin motarmu ta bar tasha. Ki daina kuka."

Ta fashe da kuka tana hamdala. Ni ma na ji daɗi, har sai da ta share hawaye ta ce, "Ikon Allah! Ya aka yi ya san na je Makka? Shekara huɗu ke nan fa."

Na ce mata ƙila zolayarta yake da sunan Hajiya tun can. Ta roƙe ni in sake karanta mata, rubutun kuwa ya riga ya wuce, sai na danna maɓallin nan na komawa baya. Ku da kuka san aikin, kun san abin da ya fito shi zai sake fitowa, ko ɗigo ba ya canzawa. Billahillazi ba shi ya fito ba. Layi ɗaya ne: "Malam, na riga na gaya mata. Ka bar ni in kwanta, na gaji."

Subhanallahi! Ta ce, "Me ya ce kuma?" Na ce, "Maganar ɗazu ce, Hajiya." Na zare waya daga bango, na miƙa mata kaset ɗinta, ta tafi tana sa min albarka.

Har yau ban san mene ne ba, kuma na daina tambaya, don duk wanda na tambaya cewa yake zafi ne ya taɓa min kai. Ni dai shawarata, in aka kawo muku saƙon mamaci ku karanta sau ɗaya, ku yi masa addu'a, ku kashe na'urar.