Macizan da ke Bangon Baba Siradji

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Siradji mai zane na Sabangali. Ni Lailatu mai wankau ce. Ban iya rubutu ba, ina faɗa ne maƙwabciyata Hauwa na rubutawa.

Baba, bangon gidanka muke bi in za mu wanki bakin kogin Shari. Ka zana masa ciyawa da yashi da busassun ganye. Na ɗauka ado ne, sai ranar da ka tsayar da ni ka ce, "'Yata, me kika gani?" Na ce ciyawa. Ka ɗora yatsa, sai ga kububuwa kwance cikin ganyen, kalarsu ɗaya. Guntun icen da ka zana a bakin ruwa ashe kada ne. Ka ce in daina neman kala, in nemi ido, in nemi inda zanen yashi ya karkace.

Da 'yata Zulaikha ta fara tafiya, kaya masu ruwan ƙasa nake sa mata don kada datti ya nuna. Ran nan na ɗaga kai daga wanki ban gan ta ba. Na yi ta kira har muryata ta dishe, alhali tana zaune cikin ciyawa taku goma daga ni. Da ka ji, ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce, "Dabba ce ke ɓuya. Ke kuma kin ɓoye 'yarki da hannunki." Washegari ka aiko mata da jar riga.

Kai ma ka iya ɓuya, Baba. Ashe wata biyar ciwo na cinka kana mana dariya, ba wadda ta gane.

Ka ce macizai biyar ne a bangon. Huɗu na samu. Yanzu ruwa ya ja baya, ciyawa ta bushe, kuma wallahi tsoro nake ji. Goye da Zulaikha nake wanki, tana kuka in sauke ta, na kasa.

Inna Hansai, Yaya Mijinyawa, iyalan Baba, Allah Ya ba ku haƙuri. Na ji za a shafe bangon da farar ƙasa bayan arba'in. Don Allah ku bar shi har in ga na biyar ɗin, in iya sauke yarinyar nan.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Amin.